Gayyar Jan Kebul

Mahadi ya daɗe yana aikin hawan hasumiyar ƙarfe, amma kullum a bayan wani yake. Shi ne mai miƙa sifana, shi ne mai riƙe igiya, shi ne wanda ake ce wa, "Sauka ka ɗauko abin da muka manta." Saboda haka ranar da ƙungiyar direbobin motocin hatsi ta Gusau ta damƙa masa aiki, aka ce shi ne gaba, sai da ya koma bayan wata tirela ya yi ɗan tsalle shi kaɗai, sannan ya dawo yana gyara hula kamar ba abin da ya faru.

Aikin kuwa ga yadda yake. Direbobin nan suna shiga ƙauyuka ɗaukar hatsi, daga Magami zuwa Wanke, daga Tsafe har cikin ƙasar Bunguɗu. Da zarar mota ta shige bayan duwatsu, waya ta zama hoto. Mutum ya yi faci ko ya kafe a laka, sai dai ya zauna ya jira wanda Allah zai jefo. Ƙungiya ta sayi rediyon oba-oba ta raba, amma su ma muryarsu ba ta nisa. Sai aka nemo Injiniya Halimatu Sadiya, wata mace mai sanyin magana da ta ƙware a harkar rediyo. Ta ce maganin abin shi ne a sa wata na'ura a wuri mai tsawo, wadda za ta riƙa cafe maganar kowane direba ta sake cilla ta nesa. Akwai tsohuwar hasumiyar ƙarfe a kan wani tsauni kusa da Tsafe, wadda masu ita suka daina amfani da ita, ƙungiya ta nemi izini aka ba ta. An riga an ɗaure eriya a can ƙololuwa, an ajiye na'ura da batura a ɗan ɗakin da ke gindin hasumiyar. Abin da ya rage shi ne kebul ɗin da zai haɗa su, baƙi, mai kaurin rake, naɗe a jikin wata ƙatuwar gangar katako.

Da sassafe suka yi lodi a tasha. Ciyaman ɗin ƙungiya, Alhaji Abdulaziz, yana tsaye ya goya hannu a baya. Mutum ne da duk tashar ake shakka. Tsofaffin direbobi ma sun ce ba su taɓa ganin haƙoransa ba sai in zai yi asuwaki.

"Kai ne Mahadin?" in ji shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, yau nake son jin magana. Zan wuce gida Bunguɗu, rediyo na hannuna a kunne. Na kuma gaya wa direbobi kowa ya kunna nasa. Kar ka sa in ji kunya."

"Da yardar Allah, Alhaji."

Suka ɗauki hanya su huɗu: direba, Injiniya a gaba, Mahadi da Lukuman a baya tare da kaya. Lukuman ɗan kawun Mahadi ne, abokin wasansa, kuma abokin hawansa. Tun daga Gusau har suka wuce Kwatarkwashi bakinsa bai rufu ba.

"Yau fa sai in ce Oga Mahadi ke nan? Wallahi harshena ba zai iya ba."

"Zai iya in muka hau sama, igiyarka tana hannuna."

Farkon damina ne, gari ya yi luf, gero ya fara tasawa kore shar a gonaki. Mahadi yana ta kallon injin jan kaya da ke ɗaure a bayan motar, yana tsara yadda komai zai tafi. A ransa, kafin azahar sun gama.

Da suka bar kwalta suka isa gindin tsaunin, sai direba ya taka birki ya ce, "Inna lillahi." Ruwan da aka yi kwanan nan ya yanke hanyar hawa. Wani rami ne ya buɗe baki daga wannan gefe zuwa wancan, wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya tsallaka. Mota ba za ta hau ba. In mota ba ta hau ba, injin ja ba zai hau ba. Ga gangar kebul, nauyinta ya fi ƙarfin mutum huɗu nesa ba kusa ba.

Lukuman ya zauna a kan dutse ya cire hula. "Oga, sai mu juya. Ka fara shirya abin da za ka gaya wa Alhaji. Ni dai zan tsaya daga nesa in yi maka addu'a."

Injiniya ta tsaya tana duban ramin tana duban hasumiyar can sama. Mahadi ya juya ya dubi gangar kebul. Aikinsa na farko ke nan, zai koma da kaya yadda ya zo da su.

Yana cikin wannan hali sai ya ji kiɗa. Ganga ce, daga bayan wasu itatuwan ɗorawa, tana tashi tare da ihun maza. Ya san kiɗan, domin a ƙauye ya tashi kafin ya shigo birni. Gangar noma ce, ana gayya.

"Ku jira ni," in ji shi, ya zabura da gudu.

Ya iske majiya ƙarfi sun yi sahu a wata babbar gona, kowa da hauyarsa, ƙasa tana tashi, makaɗi yana bin bayansu yana kiran sunan kowa da na ubansa. A gefe, ƙarƙashin inuwa, wani dattijo ne mai farin gemu da faffaɗar malafa. Aka ce masa shi ne Malam Abubakar, Sarkin Noman ƙauyen. Mahadi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya zayyana masa abin da ya kawo su.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wanga abu naku, mi za shi amfana muna?"

"Baba, motar da ke zuwa ɗaukar hatsinku, in ta lalace a hanya, nan take za a sani a turo wata. In ruwa ya cinye gada, direba zai faɗa wa 'yan'uwansa tun kafin su taso. In wani ya kwanta ciwo a nan, kowane direba ya biyo zai iya kiran Gusau."

Sarkin Noma ya gyaɗa kai. "Magana ta yi. Amma gayya tana da ƙa'ida, yaro. Ba a barin gonar mutum rabi a tahi wani wuri. Ga kunyoyi can sun rage. In kuna sauri, akwai hauya."

Mahadi bai tsaya wani tunani ba. Ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya ƙwala wa Lukuman kira. Lukuman, wanda tun da aka haife shi a Sabon Garin Gusau bai taɓa noma ko tukunyar fulawa ba, ya karɓi hauya kamar an miƙa masa maciji. Saran farko ya tumɓuke gero ya bar ciyawa. Gona ta kaure da dariya. Makaɗi kuwa ya samu abin da yake so, nan take ya sa shi a kiɗa, yana kiransa baƙon birni mai gaba da gero. Mahadi shi ko jikinsa ya tuna, ya shiga sahu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da samarin ƙauyen, gumi yana zuba, yana dariya yana haki.

Rana ta ɗaga sosai kafin a kai ƙarshen gonar. Aka sha fura a tsaitsaye. Sai Sarkin Noma ya ɗaga sandarsa ya nuna tsauni ya ce, "Gayya ta koma bisa!"

Abin da ya biyo baya, Mahadi bai taɓa ganin irinsa ba a duk shekarunsa na aiki. Aka kawo amalanke da bijimai biyu, aka mirgino gangar kebul a kai, aka bi wata ɓarauniyar hanya da makiyaya ke bi ta bayan tsaunin. Inda bijimai suka gaza, maza suka zura itace a tsakiyar gangar suka saɓa a kafaɗa, ana canji ana kabbara. Wasu suka ɗauki igiyoyi, wasu akwatin kayan aiki. Makaɗi yana gaba, gangarsa tana amsa kuwwa a jikin duwatsu. Injiniya tana tafe a baya da jakarta, ta yi ɗamara da mayafi, tana cewa, "A hankali da bakin kebul ɗin, don Allah, kar ya daki dutse!"

Suka yi sallar azahar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse a gindin hasumiyar. Da aka sallame, Injiniya ta taɓa hannun rigar Mahadi da biro, ta nuna masa gabas. Can ƙasan sama, wani baƙi ya fara haɗuwa.

"Ka ga wancan?" in ji ta. "Kebul ɗin nan ba ya shiri da ruwa. In ruwa ya shiga ta bakinsa kafin ka rufe, mun yi asararsa gaba ɗaya. Kuma ka ji ni da kyau, Mahadi: tsawar farko da na ji, ko me kuke yi, ku sauko. Kebul ana sayen wani."

"Na ji, Hajiya."

Suka sa hular kwano, suka ɗaura ɗamarar hawa, kowa ya duba ƙugiyoyin ɗan'uwansa. Mahadi ya rataya ƙaramin oba-oba a ƙirji don magana da Injiniya, ya ɗaura bakin doguwar igiya a ƙugu, ya yi bisimilla ya kama ƙarfe. Hawa suke suna maƙala ƙugiya, su cire ta ƙasa su maƙala a sama. Mutanen da ke ƙasa kowa ya ɗaga kai ya kare ido da hannu. Tun ana jin surutunsu har ya zama iska kaɗai ake ji tana busawa ta tsakanin ƙarafa.

A ƙololuwa, kusa da eriya, Mahadi ya ɗaura wilin jan kaya, ya zura igiyar ta kansa, ya sake ta ta koma ƙasa. Ya ɗan tsaya ya duba. Ga garin Tsafe da rufin kwanonsa yana ƙyalli, ga kwalta ta miƙe, ga dutsen Kwatarkwashi can ya yi zaune, ga gonaki har iyakar gani. Ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji.

A ƙasa, Injiniya ta sa wa kan kebul wata ragar ƙarfe mai damƙe shi, ta ɗaura ta da igiya. Mazan gayya suka jeru a ɗaya bakin igiyar, sahu guda, tun daga gindin hasumiya har bakin gangare. Aka yi yarjejeniya: in ganga na tashi a ja, in ta yi shiru a tsaya.

Mahadi ya danna oba-oba. "Hajiya, bisimilla. A ja!"

Ganga ta tashi. Igiya ta miƙe ta yi tsam, wili ya fara kuka, sai ga kan kebul ya ɗago daga ƙasa yana hawowa, yana lilo, gangar katako tana juyawa tana sakinsa. Lukuman, wanda ya tsaya a tsakiyar hasumiya don ya riƙa saita shi, ya saki ihu. Na ƙasa suka amsa. Makaɗi ya ƙara wuta. Kebul ya wuce Lukuman, ya doshi sama.

Daɗin kiɗan ne ya kusa jawo ɓarna. Maza sun ɗauki zafi, sun daina ja da lissafi, sun koma gasa. Iska ta kaɗo kan kebul ya shige ƙarƙashin wani ƙarfe da ya gitta, ya cije. Mahadi ya ga igiya ta ƙara tsukewa, ya ji hasumiyar gaba ɗaya tana rawa a tafin ƙafarsa.

"A tsaya! Hajiya, a tsaya! Ya maƙale!"

Ya hango ta can ƙasa tana ɗaga hannu tana magana, amma wa zai ji muryarta a cikin wannan kiɗa? Makaɗi ya rufe ido, ya karkace kai, yana cikin duniyarsa. Kebul ya fara lanƙwashewa. In ya karye daga ciki, ya tashi aiki. Mahadi yana ihu, Lukuman yana ihu, iska tana kwashe muryarsu.

Sai ya ga Injiniya ta jefar da jaka ta ruga. Matar da ko tafiya ba ta yi da sauri, ta tsallake igiya, ta ratsa sahun maza, ta isa ga makaɗi ta damƙe gular a hannunsa. Ganga ta ɗauke ɗif. Maza suka tsaya cak, wasu har suna faɗawa kan juna.

"A ɗan saki kaɗan," in ji Mahadi a oba-oba. "Kaɗan dai."

Ya sauko zuwa inda abin ya cije, ya maƙala ƙugiyoyinsa biyu, ya saki jiki baya, ya sa kafaɗa ya ture kan kebul ɗin. Bai motsa ba. Ya sake turawa, Lukuman ya taso ya tallafa daga ƙasa. Sai ji suka yi ƙwal, ya kuɓuce. Mahadi ya bi jikinsa da tafin hannu, yana shafawa yana dubawa kamar mai duba ƙafar doki. Fatar waje ce kawai ta ƙuje.

"Lafiya lau yake!" ya faɗa a oba-oba. "Hajiya, lafiya lau yake!"

Ya ji ta sauke ajiyar zuciya. Sai kuma ya ji muryar Sarkin Noma daga gefenta yana yi wa makaɗi faɗa: "Kiɗan tsohuwa za ka yi muna yanzu, ba na samari ba." Ganga ta dawo a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kebul ya ƙarasa hawowa cikin natsuwa har ya iso hannun Mahadi a ƙololuwa. Ya rungume shi ya ɗaure a jikin ƙarfe.

Yanzu aiki ya rabu biyu. Lukuman ya fara sauka yana ɗaure kebul a jikin ƙafar hasumiya da maƙalai, taki kaɗan ya ɗaura ɗaya, don kar iska ta riƙa wasa da shi, yana kuma haɗa wayar da za ta kai aradu ƙasa in ta faɗo. Mahadi ya zauna a kan ƙarfe ya fuskanci haɗin eriya. Ya cire murfin bakin kebul, ya goge, ya saita, ya murza a hankali don kar ya hau a karkace, sannan ya ɗaure da sifana.

Ya ɗaga kai. Hadarin nan da ke can ƙasan sama ya taso ya cinye rabin gabas. Ƙarƙashinsa ruwa ne ke tafe kamar an saki labule, yana shafe gonaki ɗaya bayan ɗaya. Iska ta canja, ta yi sanyi, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Saura rufewa. Ya ciro baƙin salatif mai danƙo wanda ke hana ruwa shiga, ya fara naɗewa daga ƙasa zuwa sama. Ya yi rabi ke nan wata iska ta bugo shi, ya kai hannu ya kama ƙarfe, salatif ya suɓuce. Ya bi shi da ido yana faɗuwa, yana dukan ƙarafa, har ya ɓace a cikin duwatsu.

"Lukuman!" ya ƙwala. "Salatif ya faɗi!"

Sai ga hular kwano tana hawowa da sauri. Lukuman ya iso yana haki, ya zura hannu a aljihu ya zaro wani sabo, amma ya riƙe shi a baya.

"Ka ce Oga Lukuman."

"Kai, ba ni nan!"

"Ka faɗa mana, hadari na tafe."

"Oga Lukuman! Ubangidana Lukuman! Kawo!"

Suka yi aikin tare, ɗaya yana riƙewa ɗaya yana naɗewa, yana matsawa da yatsa har danƙon ya haɗe ya zama abu guda. Mahadi yana yanke ƙarshensa, sai ga wani gurnani daga nesa, can cikin hadarin.

"Mahadi, ku sauko yanzu," in ji Injiniya. Babu sanyi a muryar ko kaɗan.

"Mun gama, Hajiya! Ga mu nan!"

Ba su taɓa sauka da sauri irin na ranar ba, amma duk da haka ba wanda ya tsallake maƙala ƙugiya. Ɗigon farko ya same su suna dab da ƙasa, manya-manya, suna ƙara a kan hular kwano. Ƙafar Mahadi tana taɓa dutse, hannaye suka yi masa caa, wannan ya dafa kafaɗa, wancan ya ja hannu. Injiniya ta riga ta shigar da ɗaya bakin kebul ɗin cikin ɗaki. Sarkin Noma ya kora kowa nesa da ƙarfen, aka ruga wata ƙatuwar rumfar dutse da ke gangare, sama kuwa ta ɓalle.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka cushe a ƙarƙashin dutsen, ana rawar sanyi ana ba da labarin abin da kowa ya gani da idonsa. Makaɗi ya rantse shi ma yana shirin tsayawa ke nan aka riƙe masa gula, aka yi masa ca. Mahadi yana dariya tare da su, amma hankalinsa yana kan ɗan ɗakin can. Duk wannan wahala, in aka kunna ba a ji komai ba fa?

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, tsawa ta yi yamma. Suka koma. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum fiye da uku, saboda haka sauran suka yi cincirindo a ƙofa, na baya suna ɗage. Injiniya ta auna kebul da wata 'yar na'ura, ta duba allon, ta dubi Mahadi ta ɗan yi murmushi. Ta ɗaura bakinsa a jikin babbar na'ura, ta ce bisimilla, ta kunna. Fitilu suka kama. Ta ɗauki oba-obanta ta ƙure murya, ta kai baki za ta kira Gusau.

Ba ta kai ga dannawa ba rediyon ya buɗe da kansa. Wata murya ce ta namiji, kakkaura, tana fita tar kamar mai ita yana cikin ɗakin. Waƙa yake yi.

"Ummu ta Kaka, Ummu 'yar gata,
Ci tuwo ki girma, ki ja tirela,
Ki ɗauki Kaka a gidan gaba,
Ki bar kakarki tana bin mu a ƙasa..."

Sai dariyar ƙaramar yarinya, ƙyal-ƙyal-ƙyal. Sai muryar ta koma kukan akuya, ta koma kukan zakara, ta koma hon ɗin babbar mota.

Mahadi ya dubi Lukuman. Lukuman ya toshe baki da hannu biyu, idanunsa sun yi waje.

"Wane ne wanga?" in ji Sarkin Noma daga ƙofa.

"Ciyaman ne," in ji Mahadi da raɗa. "Alhaji Abdulaziz ne, daga Bunguɗu."

Abin da ya faru, kamar yadda aka ji daga baya, Alhaji ya gaji da jira ne a zauren gidansa, jikarsa Ummulkhairi ta hau cinyarsa ta ɗauki rediyon tana wasa, ta damƙe madannin magana da hannu biyu. Muddin kuwa tana riƙe da shi, ba mai iya yi masa magana, sai dai a saurara. Aka kuwa saurara. Ya sake ɗauko waƙar daga farko, har da ƙarin baiti.

Mahadi ya fita waje ya durƙusa, dariya da hawaye suka haɗe masa. Daga Bunguɗu! Muryar ta taso daga Bunguɗu, ta tsallake duwatsun nan duka, ta sauka a eriyarsa, ta bi kebul ɗin da ya ɗaura da hannunsa.

Can na'urar ta yanke maganar da kanta, kamar yadda aka saita ta in mutum ya daɗe yana riƙe da layi. Sai wata murya ta shigo, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Assalamu alaikum. Nan tashar Gusau. Allah ya ja zamanin Ciyaman, muna jin ka tar."

Wata ta biyo. "Nan Wanke, mu ma mun ji."

"Nan Kekun Waje. Ranka ya daɗe, a gaida Ummu."

Sannan muryar Alhaji ta dawo, irin wadda aka sani a tasha. "Tun yaushe kuke ji?"

"Tun daga wajen tirela, ranka ya daɗe," in ji na Gusau.

Aka ji wani sauti da ba wanda ya taɓa ji, har wasu suka zaci rediyon ne ya samu matsala. Alhaji Abdulaziz ne ke dariya, irin ta mai ƙiba, har da tari. Da ya natsa ya ce, "Ina Mahadi?"

Injiniya ta miƙa masa rediyon. Ya karɓa ya danna. "Ga ni, Alhaji."

"Yaro, na ce kar ka sa in ji kunya, ka tashi ka tara mini duk Zamfara." Ya sake tari. "Aiki ya yi kyau. Allah ya yi albarka, kai da Injiniya da duk wanda ya sa hannu. Ku kuma sauran, duk wanda na ji ya yi waƙar nan a tasha, ya kuka da kansa."

Bai rufe baki ba wani ya danna daga wani wuri, bai faɗi sunansa ba, ya yi kukan zakara ya saki.

Mutanen gayya suka dinga karɓar rediyon hannu zuwa hannu, kowa yana son ya yi sallama ya ji an amsa daga Gusau. Sarkin Noma da aka ba shi, sai ya cire malafa tukuna, ya gaida mutanen Bunguɗu, ya tambaye su ko ruwan ya iso wajensu. Aka ce yanzu ya fara. Ya juyo ya dubi jama'arsa yana gyaɗa kai, ya ce, "Ikon Allah. Mun riga su jiƙewa."

Suna gangarowa, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, duwatsu suna sheƙi, ruwa yana gudu ta kowane tsagi. Mahadi ya cire takalma ya rataya a wuya saboda santsi. Rediyon da ke ƙirjinsa ya sake buɗewa, wannan karon ba wasa a ciki.

"Nan Sani mai motar Kanta, ina hanyar Magami. Rafi ya kawo, ya hau kan hanya. Duk mai niyyar biyowa ya dakata sai ya janye."

"Mun ji, Sani. Motoci biyu sun yi lodi za su taso, an tsayar da su."

"Ni ina bayanka da nisa, Sani, bari in tsaya a ƙauyen nan in jira."

Mahadi ya tsaya cak a cikin laka har idon sawu, ya saurara har suka gama. Lukuman ya iso ya tsaya kusa da shi, shi ma ya kasa kunne.

A gindin tsauni suka tarar matan ƙauyen sun aiko da abincin gayya, tuwon dawa da miyar kuka a manyan akusa, an rufe da faifai. Direba ya ce su yi sauri su kama hanya tun da sauran rana. Sarkin Noma ya ce ba mai tashi daga gayyarsa da yunwa, ko loma biyu ce sai sun yi. Aka kai wa Injiniya nata cikin mota. Mahadi ya wanke hannu ya tsuguna cikin sahun maza. Sai da ya kai hannu cikin akushi ya ga tafinsa duk ya yi kanta ya fashe, miya tana shiga tana yi masa zafi. Ya yanko babbar loma ya kai baki.